"Babu biza" ba ya nufin a shiga babu sallama

Makon jiya na raka ɗan yayata da amaryarsa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Sati uku ke nan da ɗaurin aurensu, kuma yaron ya yi kusan shekara biyu yana tara kuɗi don ya kai ta tsibiran Maldibs su yi kwana biyar. Na sauke su, na yi musu addu'a, na kama hanyar Lugbe. Ban yi nisa ba waya ta yi ƙara.

"Kawu, don Allah ka dawo. Sun ce ba za mu hau ba."

Da na koma na tarar da amarya zaune a kan akwati, ta rufe fuska da mayafi. Abu biyu ne suka tsayar da su a kantar tantance fasinjoji. Na farko katin rigakafin shawara, wanda muke cewa yalo kad: kwana huɗu kacal da yi musu allurar, alhali katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Na biyu takardar otal. Ejan ɗin da ya shirya musu tafiya ya kama ɗaki bai biya ba, ya buga musu takardar, otal ɗin kuma ya soke. Shi dai abin da ya faɗa musu tun farko shi ne, "Ai ƙasar nan babu biza, fasfo kawai za ku nuna."

Da daddare zauren WhatsApp na danginmu ya kama da wuta. Babban yayanmu ya rubuta cewa ƙasar da ba ta kai Karu da Nyanya yawan jama'a ba, ita ce za ta kafa wa ɗan Najeriya sharaɗi? Wani ya ce raini ne. Wata ta ce da Bature ne da tuni ya wuce. Babu wanda ya ambaci ejan.

Na ji zafin abin kamar kowa, don na san yadda yaron nan ya tara kuɗinsa. Amma ban yarda da inda muka kai fushin ba. Ƙaramar ƙasa tana da cikakken haƙƙin ta tambayi baƙo inda zai kwana, da ranar da zai koma, da lafiyar da ya shigo da ita. Ta ma fi babbar ƙasa buƙatar wannan tambaya. Inda nake da ja shi ne a ɓoye sharaɗi har sai mutum ya kashe kuɗinsa, ko a yanke masa hukunci da launin fasfonsa tun ba a ji sunansa ba. Waɗannan abubuwa biyu daban ne, kuma mun saba cakuɗa su.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Mu da muka haura miliyan 200 ba ma jin nauyin baƙo. Mutum dubu goma za su sauka Abuja yau, su bazu tsakanin Wuse da Gwarinpa da Mararaba, gobe ba wanda zai san an ƙaru.

Maldibs kuwa mutanenta kusan rabin miliyan ne, amma a 2024 baƙin da suka shiga yawon buɗe ido sun haura miliyan biyu. Kowane ɗan ƙasa ɗaya, baƙo huɗu. Tsibiranta ƙanana ne, babu kogi, ruwan da otal-otal ke sha daga teku ake tace shi, shara kuma akwai wani tsibiri guda, Tilafushi, da aka ware ana kai ta cikin jirgin ruwa. Seshels tana da tsibirai 115 da mutane ɗan sama da 100,000, baƙinta a shekara sun ninka su kusan sau uku.

Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya a gida mai ɗaki uku ta san wannan lissafi. Ba ƙin baƙi ne ke sa ta tambayi mutum nawa za su zo daga Zariya da kwana nawa za su yi ba. Tankin ruwa ɗaya ne, banɗaki ɗaya ne.

Ku ɗauki maganar shawara. Cuta ce da sauro ke yaɗawa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ake samun ta. Nahiyar Asiya ba ta da ita, amma tana da irin sauron da ke ɗaukar ta. Mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa ya jefa tsibiri cikin bala'in da asibitocinsa ba za su iya ɗauka ba. To ina rainin a ce sai ka nuna kati? Allura ɗaya ce, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na har ƙarshen rayuwa ne, ba sai an sabunta ba. Matsalarmu ita ce da yawa ba sa son allurar, katin kawai suke so, a cike musu shi a kawo. Ƙasashen waje sun san muna haka, kuma yana cikin abin da ke sa a riƙa juya katin namu ana dubawa kamar jabun kuɗi.

Wasu ƙananan ƙasashen sun wuce tambaya ma, sun sa farashi. Butan, wadda ke maƙale a duwatsu tsakanin Indiya da Sin, ba ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido ba sai 1974. Yau baƙo yana biyan dala 100 a kan kowane dare, ban da kuɗin otal da abinci. A 2022 dala 200 ce ma, suka rage a 2023. Sun zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa a kan cincirindo. Palawu, tsibiran da mutanensu ba su kai 20,000 ba, tun 2017 suke buga wani alkawari a cikin fasfon baƙo, ya sa hannu cewa ba zai lalata musu ƙasa ba, kuma yaran ƙasar ake yi wa alkawarin. Ni wannan ya burge ni ƙwarai. Duk wanda ya je magangarar ruwa ta Gurara bayan hutun sallah ya ga ledoji da robobin lemo da ake bari a kan duwatsu zai fahimci dalilin.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ganuwar Kano ƙofofi gare ta, kowace ƙofa da sarkinta, ana rufewa da dare. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa afka wa gari haka kawai. Madugu ne ke shiga gaba, a biya abin da ake biya, a sauka a zango, kowane baƙo da mai masaukinsa wanda zai tsaya masa in wani abu ya taso. Takardar otal da ake tambaya yau ita ce mai masaukin jiya. A Suratun Nur an hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, aka kuma ce in an ce ku koma, to ku koma. Ba a ce sai in gidan babba ne ba.

"Ai kuɗi muka kai musu"

Wannan ita ce hujjar yayana, kuma da gaskiya a cikinta. Ƙasashen nan da baƙi suke ci. In jirage suka daina sauka, kasuwarsu ta mutu, kamar yadda aka gani lokacin korona.

Sai dai mai kuɗin da ya zo kashewa ba shi ake nema da waɗannan tambayoyi ba. Wanda ake nema shi ne mai shiga da sunan kwana biyar ya ɓace. Kada mu yi kamar ba mu san shi ba. Mu ne muke da kalmar takari. Kowace unguwa akwai wanda ya tafi Umara shekara goma da suka wuce har yau bai dawo ba. Idan ƙasa mai arziki kamar Saudiyya tana kokawa da wannan, ina ga tsibirin da 'yan sandansa duka ba su kai na jiha ɗaya a nan ba? Jami'in da ke zaune a kanta ba ya ganin zuciya. Abin da yake iya gani shi ne tikitin dawowa, da ɗakin da aka biya, da kuɗin guzuri.

Ita ma ma'aikaciyar jirgin da ta tsayar da yaranmu, ba mugunta ta yi ba. Dokar sufurin sama ita ce, in kamfani ya ɗauki fasinja aka ƙi karɓar sa a can, kamfanin ne zai dawo da shi, sau da yawa har da tara. Shi ya sa tun a Abuja ake tace mutane. Da ta bar su sun hau, da sai sun yi tafiyar kusan kwana guda, da canjin jirgi, sannan a zaunar da su a ɗakin jira a juyo da su. Na gaya wa yaron cewa wannan matar ta rage masa asara ne, ko da yake a lokacin bai ji ni ba.

Mu kuma kwatanta. Mai neman bizar Turai yana biyan yuro 90, ya kai takardar banki ta watanni, ya bi layi, ya jira makonni, in an hana shi kuɗin ya tafi ke nan. Maldibs kuwa a filin jirgi take ba kusan kowane ɗan ƙasa izinin kwana 30 kyauta. Abin da take nema a rubuce yake a shafin hukumarta: fasfo mai aiki, tikitin fita, masaukin da aka biya, fom ɗin da ake cikewa ta intanet cikin awa 96 kafin sauka, da katin shawara ga wanda ya fito daga irin ƙasarmu. Tsakanin waɗannan biyu, wa ya fi mutunta mu? Amma ban taɓa jin danginmu sun yi wa Turai irin ihun da suka yi wa tsibirin nan ba. Babba in ya wulaƙanta mu sai mu ce ikon Allah, ƙarami in ya yi tambaya sai mu ce raini. Wannan ɗabi'a tana damuna, domin irinta muke yi wa junanmu a gida.

Inda 'yar'uwata take da gaskiya

Wadda ta ce da Bature ne da ya wuce, ba ta yi daidai a kan wannan lamari ba, don shi ma ana tambayar sa masauki. Amma abin da take ji a ranta ba ƙage ba ne. Duk wanda ya taɓa bin layi da koren fasfo ya san yadda fuskar jami'i ke canjawa. Na gabanka a buga masa hatimi cikin rabin minti, kai a ce ka tsaya gefe.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Seshels. Ƙasar nan ta daɗe tana alfahari cewa ba ta neman biza daga kowa a duniya, kuma ta shafe shekaru tana sama a jerin ƙasashen Afirka masu buɗaɗɗiyar ƙofa. Abin da ake yi kawai shi ne neman izinin tafiya ta intanet kafin a tashi. Sai a watan Yulin 2023 'yan Najeriya suka fara ganin ana ƙin amincewa da takardunsu. Mutane da yawa daga hotunan saƙon ƙin da ke yawo a kafafen sada zumunta suka fara jin labari. Daga baya mataimakin shugaban ƙasar na lokacin, Ahmed Afif, ya tabbatar da matakin, ya danganta shi da safarar ƙwaya da damfara. Aka bar ƙofa ga masu fasfon diflomasiyya da masu takardar zama ko ta aiki. Mai zuwa hutu kuwa, ko wane ne shi, a'a.

Ba na raina damuwarsu. Seshels tana cikin ƙasashen da ƙwayar hiroyin ta fi yi wa illa in aka auna da yawan jama'a, kuma gidan da 'ya'yansa ke lalacewa dole ya kulle ƙofa da wuri. Ba kuma zan yi musun cewa akwai 'yan Najeriya a cikin wannan mugunyar sana'a ba.

Amma duk da haka matakin zalunci ne, ta fuska biyu.

Ta farko, an hukunta mutum sama da miliyan 200 da laifin 'yan tsiraru. Mun saba cewa wake ɗaya ɓata gari, kuma a duk lokacin da aka yi mana irin wannan, da karin maganar muke lallashin kanmu. Karin magana ce mai bayyana yadda mutane ke yi, ba hukuncin shari'a ba ce. Babu alƙalin da zai ɗaure unguwa don ɓarawo ya fito daga cikinta. Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa ƙin wannan, domin mun san yadda ake tsayar da motar 'yan'uwanmu a hanyar Kudu a sauke kowa don kawai shigarsu da harshensu. In ba mu yarda da shi a nan ba, ba dalilin mu yarda da shi a Biktoriya, babban birnin Seshels. Kuma ƙasar tana da abin da za ta tace mutum ɗaya-ɗaya, tunda kowa sai ya tura fasfo da hoto da tikiti da masauki kafin ya tashi. Likitar da za ta je hutu da 'ya'yanta da yaron da aka ɗora wa kaya ba su yi kama a takarda ba, in dai ana son a duba.

Ta biyu, kuma wadda ta fi ci mini rai, ita ce rashin sanarwa a kan kari. Mutum ya je Zone 4 ya canji dala da tsada, ya sayi tikiti, ya biya otal, sannan ya gano ashe ƙofar da aka rubuta "a buɗe" an sa mata sakata ta ciki. Butan ta ce dala 100 a dare, kowa ya ji, mai hali ya je, marar hali ya haƙura. Wannan tsada ce amma gaskiya ce. In ƙasa ba ta son mu, ta rubuta ɓaro-ɓaro a shafinta, mu kai kuɗinmu wani wuri.

Kuma ƙanƙanta ba ta wajabta rufe ƙofa. Ruwanda ƙasa ce da Jihar Neja ta ninka kusan sau uku a faɗi. Tun farkon 2018 take ba kowa biza a filin jirgi, daga baya ta yafe wa 'yan Afirka kuɗin ma. Amma tana da dokokinta da ba ta wasa da su, har ledar da ke cikin kayanka za a iya karɓewa, don tun 2008 ta haramta ta. Gambiya ita ma ta cire wa 'yan Afirka biza. Ana iya buɗe ƙofa a kuma tsaya a bakinta da ido.

"Mu ma mu rama"

Ramuwa tana da wurinta a hulɗar ƙasashe, ban musa ba. Amma kafin mu ɗaga murya mu duba namu tarihin. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, mafi yawansu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da muke kiran ta da shi yau. Kafin nan Gana ta yi wa namu haka a 1969. A watan Agustan 2019 mun rufe iyakokinmu na ƙasa sama da shekara guda, maƙwabta na kuka. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan 'yancin zirga-zirga tana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma an daɗe a kan huɗu: Ruwanda, Nijar, Mali, da tsibirin Sawo Tome. Babbar yaya, wato Najeriya, ba ta ciki.

Mu ma ai sharaɗi muke kafawa. Tun watan Mayun 2025 baƙo ta intanet yake neman bizar Najeriya kafin ya taso, ya cike katin sauka, in ya wuce wa'adinsa tarar dala 15 ce a kowace rana. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ban gane ba shi ne yadda zai zama tsari in mu muka yi, ya zama raini in tsibiri ya yi. Ko yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba mu kwana 90 babu biza a ƙasashen ƙungiyar, ta ce sai da takardar tafiya mai aiki da shaidar lafiya.

Abin da nake so daga gwamnatinmu ya fi ramuwa amfani. Fasfo mai shafi 32 yanzu naira 100,000 ne, mai shafi 64 naira 200,000. Wanda ya biya wannan ya cancanci a ce akwai shafi ɗaya na hukuma, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci, da zai buɗe ya ga abin da kowace ƙasa ke nema daga ɗan Najeriya a yau, ba bara ba. Ya cancanci in wata ƙasa ta rufe mana ƙofa a asirce, ma'aikatar harkokin waje ta kira jakadanta cikin mako, ta kuma gaya mana abin da aka ce. Ya cancanci a tsare mutuncin katin rigakafi, a kama masu sayar da shi babu allura.

Sai ejan-ejan. Akwai na kirki, na san wasu. Amma duk wanda ke yawo a Instagram ya ga tallar "ƙasashe goma da za ka shiga babu biza", da hoton ruwa shuɗi da lambar waya. Ba za ka ga layi ɗaya a kan katin shawara ko masaukin da aka biya ba, don cikakken bayani yana rage masu saye. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ba shi takardar ɗakin da bai biya ba, mayaudari ne, kuma shi ne ya kunyata amaryar nan a gaban jama'a, ba wata ƙasa ba. Har yau da nake rubutu yana ce wa yaron "ana kan magana".

Daren jiya ɗan yayata ya zo gida bayan isha'i. Muka buɗe shafin hukumar shige da ficen ƙasar a wayata, muka bi sharuɗɗan layi-layi, yana rubutawa a bayan ambulan. Bai kai minti ashirin ba. Kamfanin jirgin ya yarda ya ɗaga musu tikiti zuwa wata mai zuwa bayan ya ƙara kuɗi, otal kuma da katinsa ya biya da kansa, saƙon tabbaci ya shigo yana zaune. Ya ƙirga kwanakin allura da yatsa ya ga sun cika.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, ita fa ta ce ba za ta sake yin bankwana da kowa ba sai ta ga jirgi ya ɗaga." Na ce masa ta yi daidai, kuma ni ma ranar ba zan bar filin jirgi ba sai ya kira ni daga ciki.